Juya Magana a Turanci: Daga "Ya Yi" Zuwa "An Yi"

A cikin darussan nahawun Turanci da a ke ba mu mu koyar, babu wanda yara su ke haddace ƙa'idarsa da sauri, su kuma kasa aiki da ita, kamar juya magana daga active zuwa passive, watau daga faɗin wanda ya yi aiki zuwa faɗin abin da aikin ya faɗa wa. Abin ya fi tsanani a ƙasar Zuru, gama yaron Dabai ko Sakaba sau da yawa da harshen gidansu ya ke tashi, C'lela ko Kambarci ko Dukkanci, ya tsinci Hausa a kasuwa da wurin wasa, sa'an nan a aza masa Turanci na uku. Duk da haka a ganinmu Hausar nan ita ce tsani mafi kusa, in dai malami ya san matakin da ke da ƙarfi da wanda ya ruɓe.

Wanda ya zauna a zaure ya karanta Ajuruma, littafin nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, ya riga ya gamu da wannan babi. Can aka nuna mana a kan share fa'ili, a ɗauko maf'uli a zaunar da shi a mazauninsa, malamanmu su kira shi na'ibul fa'ili, watau wakilin mai aiki. A kan kuma sāke wasulan fi'ili, kataba ya koma kutiba. Hausa ba ta ɗora wa kanta wannan wahala ba. Mu kan ce samari sun nome gona, ko kuwa an nome gona. Gona tana nan inda ta ke a bayan fi'ili, ba wanda ya naɗa ta wakilci. Shaida ita ce mu kan ce an kama shi, kamar yadda mu ke cewa sun kama shi.

Turanci ya yi kama da Larabci wajen ɗaga maf'uli zuwa gaba, amma maimakon sāke wasula sai ya ɗauko fi'ilin be ya haɗa shi da siffa ta uku ta fi'ili, irin su taken, eaten, hoed. Mu ɗauki samarin da ke golmo a gonar surukai. The young men hoe the farm ya koma The farm is hoed by the young men. Siffa ta ukun nan kamar turke ta ke, ba ta motsi. Be shi ne dokin da ke zagayawa, shi ke ɗauke da lokaci. In jiya ne, was hoed. In gobe ne, will be hoed. In yanzu su ke ciki, is being hoed. In sun gama ke nan, has been hoed. Kuma be da sabon mai gida ya ke tafiya: gonaki in sun yi yawa sai are hoed, ko da saurayi ɗaya ne ya nome su. Haka nan him ya kan koma he, domin ya hau gaba.

Inda Hausa ta ke rabuwa da Turanci sosai shi ne ɗan kalmar nan by. Da zarar Bahaushe ya ce "an", ya rufe ƙofa, ba shi da hanyar ambaton mai aikin kuma. Bature kuwa ya kan rufe ƙofar ya kuma shigo da mai aikin ta baya. Saboda haka Sokoto was taken in 1903 fassararsa an ci Sakkwato a 1903, amma Sokoto was taken by the British sai mu ce Turawan Ingila ne suka ci Sakkwato. Magana Jari Ce was written by Abubakar Imam, mu ce Abubakar Imam ne ya rubuta shi. Yaron da ba a nuna masa wannan ba, sunan da ya fara ji shi ya ke ɗauka mai aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ran da aka sa shi tafinta a gaban alƙali, aka ce The herdsman was beaten by the farmer, ya ce makiyayi ya bugi manomi, to, ya mai da wanda aka zalunta azzalumi, ba kuwa da nufi ba.

Sai mu hana yara liƙa by ko'ina. Kebbi State was created in 1991 ya ishe mu. Uhola is held every year ma haka, ba a bukatar by the people, gama kowa ya san ba aljannu ke yi ba.

Ruɓaɓɓen matakin kuwa ga shi. "An" namu ba ya zaɓen fi'ili: an zo, an tafi, an mutu, ana ruwa. Turanci ba ya juya fi'ili sai mai maf'uli, domin in babu maf'uli babu wanda za a ɗaga gaba. Daga nan ne he was died da it was happened su ke fitowa, su cika littattafan yara kamar ƙaiƙayi a masussuka. Maganinsu tambaya ɗaya kafin a taɓa alƙalami: ya yi wa wa, ko ya yi mene ne? In babu amsa, a bar maganar yadda ta ke. An haife ni kuwa ya ci jarrabawar tambayar, don haka I was born daidai ne.

Akwai kuma wurin da Hausa ta fi Turanci wadata. The door was shut yana iya zama an rufe ƙofa, yana iya zama ƙofa tana rufe, sai abin da ke kewaye ya raba. Muna kuma da fi'ilai masu ƙarewa da u, waɗanda F. W. Parsons ya sa aji na bakwai sa'ad da ya kasa fi'ilan Hausa a 1960: nama ya dafu, the meat is well cooked; keken nan ba ya gyaruwa, this bicycle cannot be repaired. Waɗannan sai a jinkirta su har ƙafar yara ta tsaya.

Mako na fari mu tsaya kan was da were kaɗai, da fi'ilai goma da yara su ke gani da ido, kamar sharewa, ɗaurewa, yankewa. Yaro ɗaya ya fito ya yi aikin, na biyu ya faɗi wanda ya yi, na uku ya juya. By sai mako na biyu.