Darasin Kiwo: Shanun Tatsa da Shanun Turke a Lokacin Ɗari

Ɗan'uwa makiyayi, ɗan'uwa manomi mai kiwo,

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara busawa. In ka dubi shanunka yanzu za ka ga sun yi kyau: tozo ya tashi, fata tana sheƙi, haƙarƙari ya ɓuya. Kada wannan ya ruɗe ka. Ƙibar da kake gani ta damina ce. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu saniya takan fara cin jikinta kaɗan-kaɗan, mai ita bai lura ba. Saniyar da ta kwanta ta kasa tashi cikin watan Mayu, tun cikin ɗari ta fara faɗuwa. Don haka darasinmu na yau zai nuna maka abin da ya kamata ka yi cikin watannin nan, tun bisashe suna da ƙarfinsu.

1. Don mi ciyawar ɗari ba ta riƙe saniya?

Cikin tumbin saniya akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Su ke narkar da ciyawa da kara, saniya ta samu amfani. Halittun nan suna bukatar abin gina jiki kafin su yi aiki. Ɗanyar ciyawar damina tana da shi da yawa. Amma in ciyawa ta bushe a tsaye, iri ya zube, rana da iska sunka buge ta, fiye da rabin abin gina jikin ya tafi. Saniya takan cika ciki, amma abincin ya daɗe bai narke ba. Ga ciki cike, ga rama.

Sanyi kuma yana da nasa rabo. Da asuba cikin Disamba da Janairu, bisa tana ƙona wani kashi na abin da ta ci don ta ɗumama jikinta. Abin da ta ƙona, ba zai zama nono ko nama ba.

Ga lissafi mai sauƙi. Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshen abinci wajen kilo 6 kowace rana. Daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Yuni kwana 210 ne, kusan. Ka buga 210 sau 6: kilo 1260 ke nan, don saniya guda. Ka ƙidaya shanunka, ka ƙidaya dammunan da ka ajiye, ka cire abin da za su samu a daji. In lissafin bai kai ba, yanzu ne lokacin gyara.

2. Tanadin abinci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kara da harawa sun fi araha yanzu bisa kowane lokaci na shekara.

Harawar wake da ta gujiya su ne nama cikin miyar saniya. Amfaninsu yana ga ganye. Ka ɗaure su tun da sauran kore, ka ɗora su bisa rumfa, ka rufe da zana ko kara. Harawar da rana ta mayar fara, ganye ya kakkaɓe, itace ce kawai ta rage. Kada ka ajiye ta ƙasa, gara ba ta barci.

Karan hatsi da na dawa, ka sassara su guntu-guntu kamar tsawon yatsa kafin ka zuba a komi. In ka watsa kara ɗungum, saniya ta ci ganye ta tattake sauran. In ka yayyafa masa ruwan gishiri ko na kanwa, za ta ci har ƙarshe.

Kada ka rena kowar wake, da dussa, da ƴaƴan gawo. Gawo itace ne mai albarka: yana fid da ganye lokacin da sauran itatuwa ke zubarwa, ƴaƴansa kuma suna faɗowa cikin rani. Ka sa yara su tsince su, a daka, a gauraya da dussa.

Abincin da ka ajiye ba na rabon daidai ba ne. Ka fara da saniyar da ake tatsa, sai mai ciki, sai maruƙa, sai shanun huɗa. Tsohuwar saniyar da haƙoranta sunka ƙare, da wadda ta shekara biyu ba ta ɗauki ciki ba, ka kai su kasuwa yanzu da sauran nama a jikinsu, ka sayi dussa da kuɗin. Dattawan da sunka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda ake sayar da saniya a kuɗin akuya in an jira har ta rame.

3. Gyaran kara da takin ure

Akwai dabarar da ke ƙara wa kara amfani. Ana yin ta da ure, farin takin zamanin nan da kake zuba wa hatsi. Ga yadda ake yi:

- Ka sassara kara kilo 100.
- Ka narkar da ure kilo 5 cikin ruwa litir 50. Ka motsa har ƙwaya guda ba ta rage ba.
- Ka samu rami mai tsabta ko tsohon rumbun ƙasa. Ka shimfiɗa kara kaɗan, ka yayyafa ruwan, ka tattake sosai. Ka ƙara wani bisa wani har ya ƙare.
- Ka rufe da leda ko tsofaffin buhuna, ka danne da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba.
- Cikin sanyi ka bar shi mako 3 cur.

In ya yi, karan zai yi laushi, ya yi ja-ja, ya yi wari mai hawa hanci. Ka ɗebi na gobe tun yau, ka baza a inuwa warin ya fita, ka mayar da murfi. Ka fara ba su kaɗan-kaɗan har mako guda, su saba.

Hattara! Ure guba ne in bisa ta ci shi tsurarsa ko ta sha ruwansa. Ka ɓoye buhu, ka wanke bokiti. Kada ka ba ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba. Karo na farko, ka kira malamin gona ko ma'aikacin kiwo ya tsaya maka wajen awo.

4. Ruwa da gishiri

Cikin ɗari mutane sukan ce shanu ba su jin ƙishirwa, sai su riƙa tsallake kwana. Kuskure ne. Busasshen abinci ba ya narkewa sai da ruwa. Babbar saniya tana bukatar litir 25 zuwa 30 a rana, mai tatsa ta fi haka. Cikin litir 10 na madara, kusan litir 9 ruwa ne. Wanda ya rage wa saniya ruwa, ƙwaryar matarsa ya rage.

Ruwan da ya kwana a komi yana da sanyi ƙwarai, shanu sukan sa baki su janye. Ka shayar da su da hantsi, da ruwan da anka jawo yanzu daga rijiya, shi yana da ɗumi. Ka kiyayi tabkin da ya kusa ƙafewa da ruwan fadama mai dodon koɗi: can ake ɗaukar tsutsar hanta.

In ka ga saniya tana tauna ƙashi, ko tsumma, ko leda, gishirin jikinta ne ya gaza. Ka aje mata kantun Bilma, ko kanwa, ko dutsen lasa, wurin da za ta kai kullum. Ka kuma tsince leda daga garke da bayan gida. Leda ba ta narkewa. Takan dunƙule a tumbi, saniya ta yi ta ramewa ba a san dalili ba.

5. Saniyar tatsa da ɗanta

Ko saniyar Azawak, wadda ake zaɓen irinta a tashar Tukunus cikin ƙasar Filinge saboda yawan nono, ba ta ba da abin da ba ta ci ba. Bayan kiwon daji, ka ba mai tatsa harawa kilo 2 da marece. Ka ƙara mata kilo 1 na dussa gauraye da angurya ko tunkuza don kowane litir 2 da rabi da take bayarwa. Tiya ba nauyinta ɗaya ba ga hatsi da dussa: ka auna tiyar dussarka sau ɗaya bisa sikelin mai kanti, ka riƙe adadin.

Nono yakan yi tsada cikin ɗari, shi ya sa ake matse saniya har a bar maraƙi da yunwa. Ribar yau ce, asarar baɗi. A bar masa aƙalla nono guda cikin huɗun, a ƙara masa in ƙarami ne. Wanda anka haifa cikin sanyi, a goge masa jiki, a tabbata ya sha dakashi tun sa'o'in farko. Dakashi shi ne rigakafinsa na fari.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Ka kafa zana ko dannin kara ta wannan gefe. Ka shimfiɗa wa maruƙa busasshiyar ciyawa, ka riƙa sauya ta in ta jiƙe. Sanyin ƙasa da ƙura su ke kawo musu tari da zawo. In nonon saniya ya tsattsage don bushewar iska, a shafa masa man shanu bayan tatsa. Uwargida ta wanke hannu da ƙwarya kafin tatsa, a kuma tafasa madara kafin a ba yara.

Ka tuna da mai ciki. Saniya tana ɗaukar ciki wata 9 da ƴan kwanaki. Wadda bajimi ya hau cikin Agusta, cikin Mayu za ta haihu, daidai lokacin da daji ya zama fili. Jikin da ka riƙe mata yanzu, da shi za ta haihu ta shayar.

6. San turke

Lokacin ɗari ya dace da kiwon turke: ƙudaje sun ragu, abinci yana kusa, zafi bai hana sa ci ba. In za ka saya, a Dakwaro ne, ko Abalak, ko Bakin Birji, ko Balleyara, ka zaɓi sa mai shekara 3 zuwa 5, mai babban ƙashi da faɗin ƙirji, mai lafiyar haƙori, wanda ya rame don yunwa kawai. Mai tari, ko an ba ka shi rabin kuɗi, ka wuce.

Ranar da ya shigo gida, ka ware shi daga sauran har mako 2 ko fiye, ka ba shi maganin tsutsar ciki. Dussa da angurya, ka fara da kaɗan kana ƙarawa. San da anka cika wa dussa ko hatsi farat ɗaya, cikinsa yakan kumbura, wani lokaci ya mutu. Angurya kada ta wuce kilo 2 a rana, kada kuma a ba ƙananan maruƙa. Kullum kara da harawa su riga dussa shiga ciki.

Turke yana da iyaka: kwana 90 zuwa 120. Bayan haka sa yana ci ne ba ya ƙara abin kirki. Ka samu littafi, tun da yanzu ka iya rubutu. Ka rubuta kuɗin saye, da na kowane buhu, da na magani. Ranar sayarwa littafin zai gaya maka gaskiya. Takin da ya tara kuma, ka kwashe shi zuwa rami don gonarka.

7. Cututtukan lokacin

Bayan girbi garkunan da sunka yi damina a arewa suna gangarowa kudu. Shanu suna haɗuwa a rijiya, da burtali, da kasuwa. Nan cuta ke samun hanya.

Ciwon huhu shi ne babba. Saniya tana tari, tana miƙe wuya, tana buɗe ƙafafun gaba, tana nishi, tana zama baya ga garke. Numfashi ke yaɗa shi. Boru kuma, wato ciwon baki da kofato, yana sa dalala da ɗingishi, nono ya ɗauke, maruƙa su mutu. In ka ga ɗaya daga cikin alamun nan, ka ware bisar, ka shayar da ita dabam, ka sanar da likitan bisashe ran nan. Kada ka kai ta kasuwa ka sayar wa ɗan'uwanka wahala.

Kowace shekara cikin sanyi ma'aikatan kiwo suna zagayen allurar rigakafin ciwon huhu. Ka kawo garke duka, kada ka ɓoye rabi. Allura guda ba ta isa har abada, sai an maimaita kowace shekara. Ka tuna da bushiya, wadda ta share garkunan kakanninmu. Allurar gayya da anka fara a 1962 da waɗanda sunka biyo baya su sunka karya ta, har anka bayyana a 2011 cewa ta ƙare a duniya duka.

Maganin da ake shanyawa a rana bisa tabarmar kasuwa, ka bar shi. In likita ya yi wa saniya allura, ka tambaye shi kwana nawa za a yi kafin a sha nononta ko a yanka ta. Ka kuma hana shanu gyauron dawa, sabon tohon da ke fitowa bayan girbi: yana da guba mai kashewa cikin ɗan lokaci.

8. Gona da daji

Hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki a kowace jiha. Manomi, ka kwashe amfaninka da kararka kafin ranar. Makiyayi, ka jira ranar, ka bi burtali. In saɓani ya faru, a je wurin mai gari da kwamitin kula da filaye, a bar sanda da takobi. Wutar jin ɗumi da ta dahuwar shayi kuma, a kashe ta da ƙasa kafin a tashi. Cikin hunturu gobarar yini guda tana cinye abincin garke na wata shida.

Tambayoyi don mahawara a ƙungiyarku

1. Mutum yana da shanu 3. Kilo nawa na busasshen abinci za su ci cikin kwana 210?
2. Ure kilo nawa da ruwa litir nawa ake bukata don kara kilo 200?
3. In harawa ba ta isa kowa ba, wace bisa za a fara ba?
4. Ta wane gefe iska ke shiga garkenka, kuma mi ka kafa a wurin?

Ku karanta wa waɗanda ba su shiga yaƙi da jahilci ba tukuna. Ku rubuto amsoshinku ta hannun malamin gona na karkararku. Allah ya ba mu lafiyar bisashe, ya kai mu damina da garke cikakke.