Hannu Ko Tunani? Tsokaci Kan Fasahar Yinka Shonibare

'Yan uwa ɗalibai, a darasin adabi mun saba tambayar wane ne mai waƙa, wanda ya tsara ta ko wanda ya rubuta ta a takarda? Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, wasu ne suka rubuta masa Imfiraji, amma ba wanda ya taɓa raba shi da ita. A wannan 'yar muƙala zan kai tambayar nan fagen zane da fim, ta hanyar duba rayuwar wani ɗan asalin ƙasar nan.

An haifi Yinka Shonibare a Landan a 1962, ya tashi a Legas, sannan ya koma Ingila karatu. Yana ɗan shekara 18 ya kamu da ciwon kumburin laka, wanda ya shanye masa ɓarin jiki. Duk da haka ya yi karatun zane, har ya kammala a kwalejin Goldsmiths. A yau da keken guragu mai lantarki yake zirga-zirga.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya tsara aikinsa. Tun da jiki ba ya ɗaukar aikin ƙarfi, sai ya tara mataimaka da masu sana'a, kamar teloli da masu sassaƙa. Shi ke kawo tunanin, ya zana fasalin, ya zaɓi yadin, su kuma su aiwatar yana dubawa yana gyara. Yadin nan kuwa atamfa ce, irin wadda iyayenmu mata ke kira 'yar Holan. Ya zaɓe ta ne saboda tarihinta: salon rininta daga Indonesiya yake, Turawa suka sarrafa ta a masana'antunsu, 'yan Afirka ta Yamma suka mai da ita tasu. Da ita yake ɗinka tufafin attajiran Turai na da, ya sanya wa mutum-mutumi, galibi marasa kai.

Wanda ya saba ba da umarni haka, aikin darakta ba zai zame masa baƙo ba. A 2004 ya fitar da fim ɗinsa Un Ballo in Maschera, kan kisan Sarki Gustav na Uku na Suwidin a wajen wata rawa a 1792, 'yan wasan duk sanye da atamfa. A shekarar ce kuma ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Turner. A 2010 aka kafa aikinsa a dandalin Trafalgar da ke Landan, wato jirgin ruwan yaƙin Nelson a cikin wata ƙatuwar kwalba.

Akwai masu ganin abin da hannunka bai taɓa ba, ba naka ba ne. Ni dai ban gamsu ba, domin da haka ne, da darakta ba shi da fim, tun da ba lalle ne ya riƙe kyamara ba. Sai dai akwai wani hanzari: tsarin nan yana cin kuɗi. Ɗaukar mataimaka da samun ɗakin aiki da keke zai iya shiga sun fi ƙarfin yawancin matasa masu irin wannan lalura a garuruwanmu, inda ko ɗakin lacca sai an hau matakala. Shi kansa Shonibare, kafin ya yi suna, sai da ya yi aikin albashi a Shape Arts, ƙungiyar da ke buɗe wa naƙasassu ƙofar fasaha a Birtaniya.