Ku Saurari Juna, Ko Da Ba Ku Ɗaki Ɗaya

'Ya'yana makaɗa, ina jin abin da kuke fitarwa daga ɗakunanku, kuma yana faranta mini rai. Mai jita yana Kano, mai ganga yana Zariya, mawaƙin yana Maraɗi, kowa ya ɗauki nasa da kwamfuta ko wayar hannu, a harhaɗa a fitar da waƙa, ba wanda ya biya kuɗin mota. Sai dai sau da yawa in na kasa kunne, nakan ji ganga ta yi gaba, jita na biye da ita da gudu, murya kuma tana neman wurin tsayawa. Ba rashin gwaninta ba ne. Kun rasa wani abu ne da makaɗa ke samu kyauta idan suna zaune kan tabarma ɗaya.

Ku tuna yadda marigayi Alhaji Mamman Shata yake waƙa. Masu kalangu da 'yan amshi suna gefensa. In ya ja numfashi sun gani, in ya ɗaga murya sun ji, in waƙa ta ɗauki zafi duk tare suke ƙara wuta. Ba mai ƙirga komai, ido da kunne ne ke riƙe da su. Ranar da kuka raba ɗakuna, ido ya tafi, kunnen ma rabi ya rage. To, sai ku samar wa kanku abin da zai tsaya a madadinsu.

Ba ku kuka fara shan wannan wahala ba. A Amurka, Les Paul da matarsa Mary Ford sun yi ta ɗora sauti kan sauti a gida, har wata waƙarsu ta 1951 ta cika gari alhali su biyu ne kawai suka yi ta. A 1979 kamfanin Tascam ya fito da Portastudio, na'ura mai ɗaukar layi huɗu a kan kaset, ita ce ta shigar da situdiyo ɗakin kwanan talaka. Duk waɗanda suka yi aiki da irin waɗannan na'urori abu ɗaya suka koya: layin farko shi ne tubalin gini, in ya karkace duk abin da aka ɗora masa karkacewa zai yi.

Saboda haka kafin kowa ya taɓa makirufo, ku yarda da saurin kiɗan. Ku faɗe shi da lamba, bugu nawa a minti, 96 ne ko 120, ku rubuta. "Ka ɗan sassauta" ba ma'auni ba ne, don sassaucin mai ganga daban yake da na mai fiyano. Sannan mutum ɗaya, wanda ya fi kowa sanin waƙar, ya kunna metronom, wato na'urar da ke ƙirga bugu, ya ɗauki jagora: murya da jita ko fiyano, daga farko har ƙarshe, da amshi da wuraren tsayawa. Ba sai ta yi daɗi ba, za a cire ta daga baya, amma lokacinta ya zama daidai. Ya bar bugu huɗu ko takwas na ƙirge a farko, domin mai shigowa ya san inda zai sa ƙafa. Wannan jagorar ita kowa zai bi.

Daga nan mai ganga ya fara, sai mai bas, sai sauran, murya ta zo ƙarshe. Ina roƙonku a nan musamman, da zarar ganga ta kammala, ku rage ƙarar metronom, ku bi gangar. Mutum ne ya buga ta, akwai numfashi a cikinta, kuma da ita mai sauraro zai yi rawa. Mai bas da ya kafe kan metronom ya ƙyale ganga, ko da bai kuskure bugu ɗaya ba, za a ji su kamar ba su san juna ba.

Akwai kuma laifin da ba na hannunku ba ne, na na'ura ne, kuma na ga yara sun yi ta zargin juna a kansa. Kwamfuta tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta mayar maka da sautin da ka buga. In ka sa bafa, wato saitin da ke ƙayyade wannan jinkiri, a 128 ko 256 lokacin ɗauka, jinkirin bai kai kunne ya damu da shi ba. In ka bar ta a 1024 ko sama, za ka ji kanka a makare, hannunka ya soma gyara abin da bai lalace ba. Mafi muni shi ne abin kunne na Bluetooth, wanda jinkirinsa kan kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A kiɗa mai bugu 120, tsakanin bugu da bugu rabin daƙiƙa ne kawai, kun ga ya cinye kusan rabin tazarar. Ku nemi abin kunne mai waya, ko mai araha ne, wanda ke rufe kunne ruf, ku kashe lasifika don kada ƙarar metronom ta zuba cikin makirufo.

Ku yarda kuma da lamba ɗaya ta ɗaukar sauti, 44,100 ko 48,000, kowa ya tsaya a kanta. Sautin da aka ɗauka a 48,000, in manhaja ta karanta shi a 44,100 ba ta juya shi ba, waƙar minti huɗu sai ta ƙara kusan daƙiƙa 21, muryar ma ta yi ƙasa. Idan za ka tura naka, fitar da shi tun daga farkon waƙar, ko da jitarka sai a tsakiya take shigowa. Shirun da ke gaba shi zai nuna wa mai haɗawa inda za ta zauna. Ka tura WAV, domin MP3 yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, kuma in ta WhatsApp ne ka aika shi a matsayin takarda, kada ya matse maka shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Manhajoji irin su FL Studio da Cubase suna iya jan kowane bugu su ɗora shi kan layi cif. Abin yana da ruɗi, musamman ga wanda ya gaji da maimaitawa. Amma kalangu magana yake yi. Makaɗin kan ɗan jinkirta sanda yayin da yake matsa tsarkiya a hammata, kuma a wannan ɗan jinkirin daɗin yake. Haka kukuma, haka gurmi. In ka miƙe su duka da linzamin kwamfuta, ka samu daidaito, amma makaɗin ya fita daga waƙarsa. Ku gyara bugun da ya faɗi fili, ku bar sauran. In wuri ya lalace sosai, ku kira mai shi cikin mutunci ku ce ya sake, kada ku yanka masa aiki a ɓoye. Shi ma wanda aka ce ya sake, kada ya ɗauka raini ne.

Wata waƙar ma ba ta son metronom ko kaɗan, irin wadda ke farawa a natse ta yi ta hawa. Irin wannan, ku yi haƙuri ku haɗu, aƙalla mawaƙi da mai ganga, ku ɗauki tushenta a ɗaki ɗaya kuna kallon juna, sauran su ɗora daga gidajensu. Kuɗin motar bai kai darajar abin da za ku samu ba.

Kafin ka danna maɓallin ɗauka, ɗana, saurari abin da 'yan'uwanka suka turo har sai ka iya bin sa da baki, ka san inda mai ganga ke jan hannu da inda mawaƙi ke shan iska. Sannan ka buga naka. Allah ya yi wa sana'arku albarka.