Satar Katin Banki da Tsaron Na'urar Cirar Kuɗi

1.0 Gabatarwa

Tun da ɗan'adam ya fara tara dukiya yake neman wurin ɓoye ta, ɓarawo kuma yake neman hanyar kai wa gare ta. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda wannan tsohuwar tsere ta kasance a kan katin banki da na'urar cirar kuɗi, wadda jama'a suka fi sani da ATM. Za a bi asalin na'urar, da tushen tsaronta, da hanyoyin da ake bi a karya shi, domin a gano inda raunin yake a yau.

2.0 Asalin Na'urar

An buɗe na'urar cirar kuɗi ta farko a reshen bankin Barclays da ke Enfield, arewacin Landan, ran 27 ga Yuni, 1967. John Shepherd-Barron shi ne ya jagoranci ƙera ta, kuma wata takarda mai kama da cek ake sa mata, ba kati ba. Shekara guda kafin nan, watau a 1966, wani injiniya ɗan Sikotilan mai suna James Goodfellow ya yi rajistar dabarar haɗa kati da lambar sirri. A kan wannan dabara aka gina dukkan abin da ya biyo baya. A Nijeriya kuwa, na'urar ba ta bazu sosai ba sai bayan da aka kafa kamfanin Interswitch a 2002, wanda ya haɗa bankuna ta yadda katin wannan banki zai yi aiki a na'urar wancan.

3.0 Tushen Tsaro

Na'ura ba ta san fuska ba, ba ta san murya ba. Shaidu biyu kawai take nema: abin da mutum yake riƙe da shi, watau kati, da abin da ya sani, watau lambar sirri. Duk wanda ya zo da biyun nan, a wurinta shi ne mai kuɗin. Lamba mai alƙaluma huɗu tana iya zama ɗaya daga cikin 10,000, kuma galibi ana toshe kati in aka yi kuskure sau uku. Ke nan wanda ya tsinci kati ya yi ta cinke, damarsa ba ta wuce 3 cikin 10,000 ba. Saboda haka aikin ɓarawo shi ne ya mallaki shaidun biyu tare.

4.0 Harin da Ake Kai wa Kati da Na'ura

Katunan farko suna ajiye bayaninsu a baƙin layin maganaɗisu da ke bayansu. Aibin wannan layi shi ne bayaninsa ba ya canzawa, kuma kwafe shi ba shi da wuya. Sai ɓarayi suka riƙa manna wata 'yar na'ura a bakin ramin sa kati, ta kwashe bayanin, su kuma ɓoye 'yar kyamara ko su shimfiɗa madannan bogi a kan na gaskiya domin ɗaukar lambar sirri. Wasu kuma sukan cusa wani ɗan tarko a ramin, kati ya maƙale, mai shi ya tafi neman taimako, su zare abinsu.

Girman wannan rauni ya bayyana a watan Fabrairu, 2013. Wasu 'yan kutse sun shiga kwamfutocin kamfanin da ke sarrafa katunan Bank Muscat na ƙasar Oman, suka cire iyakar abin da za a iya cira, suka rarraba lambobin ga mutanensu. Waɗannan suka rubuta bayanin a kan katunan da babu komai a kansu. Cikin kimanin awa 10 aka yi cira wajen 36,000 a ƙasashe 24, aka kwashe kusan dalar Amurka miliyan 40.

Maganin da aka samo shi ne 'yar ƙwaƙwalwar nan mai ruwan zinariya da ke fuskar kati. Bafaranshe Roland Moreno ya yi rajistar irinta a 1974, daga baya kamfanonin Europay da Mastercard da Visa suka tsara mata ƙa'ida guda. Bambancinta da layin maganaɗisu shi ne mabuɗin sirrinta ba ya fita daga cikinta. A kowace cira sabuwar shaida take ƙirƙirowa, wadda ba za ta yi amfani a karo na biyu ba. Birtaniya ta tilasta amfani da ita tare da lambar sirri daga 14 ga Fabrairu, 2006, Babban Bankin Nijeriya kuma ya sa bankuna suka koma gare ta wajen shekarar 2010.

5.0 Harin da Ake Kai wa Mutum

Hausawa na cewa in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Da kwafar kati ta yi wuya, sai ɓarawo ya juya ga mai katin. Hanya mafi sauƙi ita ce leƙe daga baya a ga lambar da ake dannawa. Ta biyu ita ce musanya: mutum ya tsaya kusa da na'ura, ya ga dattijo ko baƙo yana ruɗewa, ya yi tayin taimako, ya karɓi kati ya ji lamba, sa'an nan ya mayar masa da wani mataccen kati mai launi iri ɗaya. Ta uku ita ce kiran waya da sunan banki, a ce za a rufe asusu in ba a faɗi lambar kati ko lambar da aka turo ta saƙo ba.

A nan ne lamarin ya shafi harshe. Yawancin na'urorin Nijeriya da Ingilishi suke ba da umarni. Manomin da ya sayar da amfaninsa, ko tsohuwar da ɗanta ya aiko mata da kuɗi daga birni, in ba su karanta boko, tilas su miƙa shaidun biyu ga hannun wani. Tsaron da injiniyoyi suka yi shekaru suna ginawa yakan rushe a wannan miƙawa guda. Har ila yau, tsoron mantuwa yakan sa wasu su zaɓi 1234 ko shekarar haihuwa, ko su rubuta lambar a takarda su ajiye ta jaka ɗaya da katin.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa ƙarfe ya ƙara ƙarfi, amma nauyin tsaro ya koma kan mai kati. Abin da ya wajaba a gare shi kaɗan ne: ya rufe madannai da hannu, kada ya bar kati ya bar hannunsa, ya duba sunan da ke kansa kafin ya bar wurin, ya tuna banki ba ya tambayar lambar sirri, in kati ya ɓata ko ya maƙale ya sa a toshe shi nan take. Sai dai wannan gargaɗi ba zai amfani wanda bai ji shi da harshensa ba. Fassara umarnin na'ura, da daidaita kalmomin banki cikin Hausa mai sauƙi, aiki ne da ke jiran masu nazarin harshe, kuma kowace rana da ya yi jinkiri, akwai wanda guminsa yake tafiya a aljihun wani.