Darasi na 14: Gyaran madafar Inna

Malanville gari ne a arewacin ƙasar Benin, a bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. A ƙetaren kogin akwai garin Gaya na ƙasar Nijar. An gina gada tsakaninsu a shekarar 1958. Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani suna zaune a garin. Ana noman shinkafa da albasa a fadamunsa.

Kusa da babbar kasuwa akwai tsofaffin gidajen laka, jere kamar haƙoran mataji. Bango ɗaya ne yake raba gida da gida. A ɗaya daga cikinsu Auta yake zaune da iyayensa da kakarsa.

Madafar gidan ƴar ƙarama ce. Tsawonta mita 3, faɗinta mita 2. Ba ta da taga. Hayaƙi ya mai da bangonta baƙi ƙirin. Idan Inna ta hura wuta, sai idanunta su yi ja, hawaye yana zuba. Kaka kuwa tana yawan tari, domin nan take zama tana tsince shinkafa.

Wata rana Inna ta ce wa Baba:

— Malam, ƙanwar Auta ta kwana tana tari. Ita ma a bayana take shan hayaƙin nan. Ga kuma gindin bango ya zaizaye. Ina tsoron damina.

Inna tana da gaskiya. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3 a shekarar 2020. Mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa, domin su ne a bakin murhu. Ruwa ma ba abin wasa ba ne a garin: a shekarar 2010 kogi ya yi ambaliya, gidajen laka da yawa suka faɗi.

Baba bai fara da neman magini ba. Ya fara da sallama a ƙofar maƙwabcinsa.

— Alhaji, ina so in gyara madafa, amma bangon gabas namu ne tare da kai.

— Madalla da ka faɗa mini, Malam. Bayan bangon nan ɗakin tsohuwata ne. Bari mu kwashe kayanta tukuna. Abu ɗaya nake roƙo, kada indararo ya zuba ruwa a tsakar gidana.

A watan Maris, lokacin da rana take da ƙarfi, magini ya zo. Ya hau rufi, ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun yi ƙara kamar ganga. Gara ta cinye cikinsu. Aka fid da su, aka sa sababbi, aka canja kwanon da ya huje. Aka juya bakin indararo zuwa titi.

Auta yana tsaye, yana kallo. Ya ce:

— Baba magini, me ya sa kuka fara da sama, alhali ƙasa ce ta lalace?

— Ɗana, ruwan da ya ci ƙasan daga sama yake saukowa. In na yi yaɓe yau, rufi yana yoyo, baɗi sai ku sake kirana.

Daga nan aka koma gindin bango. Magini ya kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har ya kai ga mai ƙarfi. Ya yayyafa ruwa, ya jera birgi, ya cike ramin kaɗan kaɗan. Bai cike shi rana ɗaya ba, domin laka mai kauri takan tsage in ta bushe. Auta da abokansa suka taka ƙasa da ƙafa, aka zuba mata karan shinkafa da aka daddatse. Karan shi ne yake riƙe laka. Aka bar kwaɓin ya kwana uku kafin a yi yaɓe da shi.

Baba ya so a shafe bangon duka da siminti. Magini ya ƙi. Ya ce siminti ba ya kama laka sosai. Ruwa yakan shiga bayansa ya ɓuya, wata rana sai ya ɓanɓaro gaba ɗaya. A daɓe kawai aka sa siminti, aka ɗaga dokin ƙofa don kada ruwan tsakar gida ya shigo.

Sai maganar hayaƙi. Iska mai zafi sama take yi, hayaƙi kuma yana bin ta. Saboda haka magini ya huda taga can sama, kusa da rufi, a bangon da yake kallon titi. Bai taɓa bangon Alhaji ba. Iska tana shigowa ta ƙofa, hayaƙi yana fita ta taga.

Murhu kuwa Inna ce ta gina abinta. Ta ajiye duwatsu uku, ta ɗora tukunyarta, ta kewaye su da laka, ta bar ƙofa ɗaya ta itace. Ta bar ɗan fili tsakanin tukunya da laka, gwargwadon kaurin yatsa, don wuta ta samu hanya. Irin wannan murhu yana tsare zafi, ba ya cin itace kamar murhun da yake buɗe. A Nijar maƙera suna yin na ƙarfe, ana ce masa Mai Sauƙi.

Bayan mako ɗaya murhu ya bushe. Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Ta zuba kwanon farko, ta ce wa Auta ya kai gidan Alhaji.

Kalmomi
madafa : la cuisine
magini : le maçon
azara : la poutre
gara : le termite
indararo : la gouttière
hayaƙi : la fumée

Tambayoyi
1. Me ya sa Baba ya je wurin Alhaji kafin ya kira magini?
2. Ta yaya magini ya gane azarar da gara ta ci?
3. Me ya sa aka huda taga kusa da rufi?
4. Lissafa faɗin filin madafar da murabba'in mita.

Aiki
Ku duba madafar gidanku. Ta ina hayaƙi yake fita? Ku zana ta a littafinku, ku rubuta sunan kowane abu da Hausa da Faransanci.