Wa Zai Yaɓe Soron Kakanninmu?

Jama'ar Wudil da kewaye, an rubuta wannan takarda ne domin a jawo hankalinku ga wani abu da muke wucewa ta gabansa kullum ba tare da mun ɗaga kai mun dube shi ba, wato tsofaffin gine-ginen ƙasa da kakanni suka bar mana: zaurukan dagatai da masu unguwanni, da ƙananan masallatan cikin gari, da soraye masu zankwaye. Kowace damina sai wani ya faɗi. In ya faɗi, sai a kwashe ƙasar a cike kududdufi, a kawo bulo da kwano, shi ke nan an wuce wurin.

Kafin a yi maganar ƙungiyoyi da hukumomi, ya kamata mai karatu ya san yadda ginin ƙasa yake rayuwa, domin a nan ne dukkan maganar take. Magini yakan kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a shanya. Idan katanga ta tashi sai a jera azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cika cinta ba. Idan ɗakin mai faɗi ne, azara ɗaya ba za ta kai ba, sai a ɗaure su a lanƙwasa a yi bakan gizo ko ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Daga nan sai yaɓe: ko makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima. Su ne ke hana ruwa shiga. To amma yaɓe ba ya dawwama. Dole a sabunta shi, a share saman soro, a duba indararo kafin ruwan farko. Indararo guda ɗaya ya toshe da ganye ko leda, ruwa ya kwanta a sama kwana uku, azara ta jiƙa, to soron da ya shekara ɗari yana iya ruftawa a dare ɗaya. Mu kuma da muke bakin kogi, damshin ƙasa da ambaliya suna cin gindin katanga ta ƙasa, ruwan sama yana cinta ta sama.

Abin lura shi ne, ba tsufa ke kashe ginin ƙasa ba. Rashin mai kula ne.

Shaidar wannan tana nan kusa da mu, kuma da sunanmu a jikinta. Kowa ya san sarautar Makaman Kano ta daɗe tana tafiya da hakimcin Wudil, a gidan Joɓawa, zuriyar su Malam Bakatsine na zamanin Jihadi. Gidan Makama da ke daura da fadar Sarki a birnin Kano an gina shi tun ƙarni na 15, a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun mayar da shi ofis, daga baya wani sashe ya zama makaranta. A 1959 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Me ya tsare shi shekaru sama da ɗari biyar? Ba ƙarfin ƙasar da aka yi shi da ita ba ne, domin irin ƙasar ce a gidan kowa. Abin da ya tsare shi shi ne bai taɓa zama kango ba. Kullum akwai mai shiga da fita, akwai wanda za a tambaya idan ya tsage, akwai maginan da ake kira su gyara. Ina ba kowane malamin makaranta a Wudil shawara ya kwashi ɗalibansa ya kai su, su ɗaga kai su kalli rufin zaurukan. Tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba.

Sai a gwada shi da ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa. Ita ma doka ta kare ta. A 2007 an shigar da ita, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, cikin jerin wuraren da Najeriya ke fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Amma je ka duba badala a yau. Wani wuri an haƙe ƙasarta an yi gini, wani wuri an yanka filaye an kafa shaguna, wani wuri ta zama juji. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. Ba rashin masu ita ba ne ya jawo haka. Masu itan ne suka yi yawa, kowa na jan nasa. Hukumar tarayya ke riƙe da doka amma ba ita ke ba da fili ba. Gwamnatin jiha ke ba da fili da fitar da titi. Masarauta ke da girma a idon jama'a da sarakunan ƙofa, amma ba ta da kasafin gyara. Masu unguwa suna gani ana ɓarna, ba su san ƙofar da za su buga ba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa haɗin kai ya zama tilas. Babu hukuma ɗaya da ta haɗa doka da kuɗi da sani da kuma jin maganar jama'a.

Akwai kuma batun rai, wanda ya fi tarihi. Babban Masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na wajajen 1830, yana cikin gine-ginen da masana zanen gini na duniya ke zuwa kallo, har an yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A watan Agusta na 2023 wani ɓangarensa ya rufta kan masallata ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Wasu da suka ji labarin sai suka ce maganin abin shi ne a rushe duk tsohon gini a huta. Ni ban ga haka ba. Benen siminti ma yana ruftawa, muna jin labari daga Legas har Kano. Darasin shi ne a riƙa kiran wanda ya san aikin ya duba tsaga tun tana ƙarama.

Akwai wuraren da kulawa ta tsare ginin ƙasa. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar, hasumiyar masallacin da ta kai mita 27, ta ƙasa zalla, tana tsaye, kuma a 2013 UNESCO ta amince da tsohon garin. A Janne ta ƙasar Mali kuwa, duk shekara gari ke fitowa kwansa da kwarkwata a yaɓe babban masallaci, mata na ɗebo ruwa, samari na dakon ƙasa, manyan magina na bisa katanga suna ba da umarni. Hukumomin waje sun taimaka da kuɗi da masana, gaskiya ne, amma sun tarar da mutane suna aikinsu ne. Kano ma ta ga irin wannan a Disamban 2024, lokacin da UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Hawa bai mutu ba saboda an daɗe ana yin sa, kuma masu sirdi da masu linzami da maɗinka suna ci daga gare shi.

To mu a Wudil fa? Muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, tana koyar da zanen gine-gine. Ɗalibanta na neman aikin bincike kowace shekara. Me zai hana ƙaramar hukuma da ofishin hakimi su zauna da jami'ar, a tura ɗalibai unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye tare da wakilin dagaci, su auna kowane tsohon zaure da masallaci, su ɗauki hoto, su rubuta wanda ya gina shi da wanda ke zaune a ciki? Wakilin dagaci ne zai buɗe musu ƙofa, domin babu magidancin da zai bar baƙo da tef da kyamara ya shige masa gida haka kawai, kuma yana da gaskiya. Idan an gama, a ajiye kwafi a jami'a, a kai kwafi Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take, a kai wani Gidan Makama. Wannan aiki bai fi ƙarfin kuɗin mai da takarda ba.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ne mafi gaggawa, shi ne magina. Tsofaffin da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma bulo saboda a nan abinci yake, kuma ba wanda zai zarge su. Ba a riƙe sana'a da yabo, sai da kwangila. Idan ƙungiyoyin ci gaban gari da 'yan kasuwar kara, waɗanda ke juya dukiya mai yawa kowace Juma'a, suka ɗauki nauyin yaɓen zaure biyu ko uku a shekara, aka sa sharaɗin kowane magini ya zo da yara masu koyo, to an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kada dai a yi kuskuren da ake yawan yi da kyakkyawar niyya, wato shafe katangar ƙasa da siminti. Siminti ba ya barin ƙasa ta sha iska. Damshi ya taru a ciki, wata rana sai ka ga ya ɓanɓaro da rabin katangar.

Daga ƙarshe, ga mai gida da ya gaji tsohon soro: ba wanda ya ce ka zauna cikin yoyo domin tarihi. Gina ɗakunanka na zamani a ciki, ka bar zauren ƙofa. Idan kuwa rushewa ta zama dole, sanar da mai unguwa tukuna a zo a ɗauki hoto da awo, kuma a ware azarar da ƙyauren ƙofa, kada su tafi murhu. Haka nan tsofaffin takardun ajami, da takubba, da tulunan da ake tonowa wajen haƙar harsashi: dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi a 1979 ta hana sayar da irin waɗannan ga dillalan da ba su da izini, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba tare da takardar hukuma ba. Wanda ya tsinci irin wannan ya kai wa dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, daga nan a aika wa ma'aikatan Gidan Makama su zo su duba.