Yadda Ake Ɗora wa Harshen Kwamfuta Kaya Dami-Dami

Duk wanda ya taɓa cika takardar neman aiki ko rajistar jarrabawa ta intanet ya yi amfani da harshen JavaScript, ko ya sani ko bai sani ba. Brendan Eich ne ya ƙago shi a kamfanin Netscape na Amurka a shekarar 1995. Tun daga 2015 kuwa, kowace shekara ana fitar da sabon tsarinsa, da sababbin kalmomi da ƙa'idoji. To, amma wayar da ke hannun talaka ba ta sabunta kanta kowace shekara. In aka rubuta shafi da sabon salo, tsohuwar waya sai ta kasa karanta shi, mai ita ya ga farin allo kawai.

Maganin da masana suka samo shi ne tafinta. Wanda ya fi shahara sunansa Babel, manhajar da Sebastian McKenzie ya fara a 2014. Aikinta ta karɓi abin da aka rubuta da sabon salo, ta mai da shi tsoho yadda kowace na'ura za ta gane.

Abin lura shi ne, tun daga fitowa ta 6, a watan Oktoba na 2015, Babel ita kaɗai ba ta sauya ko wasali ɗaya. Sai an jona mata filogin, watau ɗan gutsuren manhaja wanda ya iya aiki guda tak. Wannan ya san sabuwar hanyar rubuta umarni a taƙaice, wancan ya san wata ƙa'ida dabam. Da yake irin waɗannan suna da yawa, lissafa su ɗaya bayan ɗaya wahala ce, kuma mantuwa ba ta da wuya. Saboda haka aka riƙa ɗaure su wuri guda, kamar yadda manomi ba ya kai gero rumbu zangarniya-zangarniya sai dami-dami. Mai rubutu ya ambaci sunan dami a layi guda, Babel ta kwance shi ta ɗora duk abin da ke ciki.

Ɗorawar tana da tsari, kuma a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Filogin da aka ambata shi kaɗai shi ke fara aiki kafin dami. Su filogin ana bin su daga na farko zuwa na ƙarshe, amma dammai daga na ƙarshe ake faro su a dawo na farko. Wanda ya jera su ba bisa wannan ba, yana iya kwana neman kuskuren da ba a rubutunsa yake ba.

Da farko kowace shekara da daminta. A 2018, da fitowa ta 7, aka yi watsi da wannan aka koma ga dami guda mai suna preset-env. Shi wannan ana gaya masa irin na'urorin da ake so shafin ya yi aiki a kansu, sai ya zaɓi abin da ya dace ya bar saura. Lalle wannan shawara ba ta ma'aikacin kwamfuta kaɗai ba ce. In ya ambaci sababbin wayoyi kurum, ya rufe wa masu tsofaffi ƙofa, alhali kuwa shafin hukuma na kowa ne.

Har wa yau, dami yana ɓoye abin da ke cikinsa. A watan Maris na 2016 wani marubuci ya janye gutsuren manhajarsa mai layi 11, mai suna left-pad, daga rumbun npm inda ake ɗibar irin waɗannan kaya. Nan take aka kasa girka Babel da sauran manhajoji masu yawa, sai da aka mai da shi. A 2018 kuma aka gano an cusa umarnin satar kuɗin Bitcoin cikin wani gutsure da event-stream ke jawowa, mutane suna ta ɗora shi ba su sani ba.

Don haka ofishin da ya ba da kwangilar gina shafi ya kamata ya nemi jerin duk gutsattsarin da aka ɗora, da lambar fitowar kowanne, a rubuce. A kulle waɗannan lambobi kada su sauya da kansu, sa'an nan a gwada shafin da tsohuwar waya kafin a biya ɗan kwangila.